Daga Takarda Zuwa Waya: Jagora ga Mai Koyon Zanen Shafin Intanet a Bagudo da Bakin Iyaka

Da wuya wata ya wuce matashi ɗaya ko biyu ba su turo min aikinsu ta WhatsApp ba, daga Bagudo ko Illo ko Ka'oje, wani lokaci ma daga tsallaken iyaka a Jamhuriyar Benin, suna neman in duba musu. Tun kafin in buɗe nakan san abin da zan tarar: baƙin shafi mai sheƙi, siririn rubutu launin toka, ƙaton hoton Bature yana murmushi a ofis mai gilashi, da maɓallin da sai an ƙura ido ake ganinsa. A kwamfutar mai shi abin gwanin kyau. Amma ɗauki wayar itel ka buɗe shi da azahar a kasuwar Tsamiya, sabis sanda ɗaya, za ka ga farin allo yana ta juyi har mai wayar ya gaji ya mayar da ita aljihu.

Ban ga laifin yaran nan ba. A YouTube suka koya, kuma masu koyar da su suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, data ba ta ƙarewa, kuɗi iri ɗaya ake kashewa, harshe ɗaya ake yi. Mu kuwa a nan mutum guda yana iya yin ciniki da naira da safe, da sefa da yamma, ya gaisa da Hausa, ya yi ciniki da Zabarmanci ko Fulatanci, a ba shi rasit da Faransanci. Ganin ina ta maimaita amsa ɗaya ga mutane daban-daban ya sa na ce bari in rubuta ta gaba ɗaya.

Sana'ar tana da ɓangare biyu. Akwai tsara hanyar da mutum zai bi daga buɗe shafi har ya samu abin da ya zo nema. Akwai kuma zana fuskar da zai gani: launi, rubutu, maɓallai, hotuna. Duk wanda ya taɓa jera kaya a shago ya san tushen abin. Sukari da ashana da ake tambaya kullum suna kusa da hannu, abin da ake nema sau ɗaya a wata yana can sama.

Kayan da kake buƙata

Littafin rubutu da fensir. Su ne na farko, kuma su kaɗai ne ba sa neman caji.

Kwamfutar tafi-da-gidanka. Mai RAM 8 ta wadatar. Mai 4 za ta yi aiki, sai dai da haƙuri. Ka fi damuwa da lafiyar batirinta a kan kyan jikinta, kuma ka nemi inda za ka riƙa caji da sola.

Ƙaramar wayar Android, irin Tecno ko itel ko Infinix da mutanenmu suka fi riƙewa. Ko kana da babbar waya, ajiye tsohuwa domin gwaji.

Manhajar zane. Figma ce aka fi amfani da ita, tana da tsarin kyauta da zai ishe ka koyo, amma tana son intanet. Penpot ma kyauta ce. Canva tana da kyau wajen tallan biki da fosta, sai dai ba ita ce sana'ar da nake magana a kai ba, kuma da yawa sun rikita biyun.

Wurin koyo. freeCodeCamp da MDN kyauta ne. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya ta fara a ƙarshen 2023 yana da sashen wannan fanni. Wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko jami'ar Aliero, ya nemi abokan koyo a can, domin mai koyo shi kaɗai yakan yi saurin sarewa.

Mataki na 1: Je wurin mutanen kafin ka kunna kwamfuta

A ce wani dillalin hatsi ya ce ka yi masa shafi. Kuskuren farko shi ne ka koma ɗaki ka fara zaɓen launi. Bi shi rumfarsa ranar kasuwa, ka zauna awa biyu kana kallo. Me masu saye ke tambaya? Yawanci abu huɗu ne: akwai kaya, nawa ne buhu yau, yaya zan biya, wa zai kai min. Da wane ma'auni suke magana, buhu ko tiya ko kwano? Sukan rubuta saƙo ne ko murya suke turawa? Wayar tasu ce, ko ta ɗa ce da ke karanta musu?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana canza zane gaba ɗaya. In waya ɗaya ce ke yawo tsakanin mai gida da uwargida da ɗansu, to bai kamata shafinka ya bar bayanin kuɗin mutum a buɗe ba. In mafi yawan masu saye ba sa karanta boko sosai, hoton buhun da lambar farashi da babban maɓallin kira sun fi dogon bayani amfani. Da ɗan gari akan ci gari.

Wata magana ga 'yan'uwana mata masu son sana'ar: kuna da ƙofar da mu maza ba mu da ita. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu man gyaɗa da turaren wuta da ɗinki, suna ciniki sosai ta waya, kuma ku ne za ku iya shiga ku zauna da su ku ga inda abin ke ba su wuya.

Mataki na 2: Rubuta aiki ɗaya, sannan ka zana a takarda

Rubuta jimla ɗaya a saman takarda: "Mai saye daga Segbana ta Benin zai ga farashin masara na yau ya kira dillali." Duk abin da za ka ɗora a shafin, ka auna shi da wannan jimlar. Tarihin kamfani da hoton Alhaji da takardar yabo suna iya samun wuri a ƙasa, amma kada su tare hanya.

Zana akwatuna masu girman waya, ka cika su da murabba'ai da layuka, ba launi ba ado. Yi iri uku ko huɗu. Dalilin takarda shi ne ba ka jin ciwon yaga ta. Zanen da ka kwana uku kana gogewa a Figma kuwa, ko an nuna maka kuskurensa za ka tsaya kare shi.

Mataki na 3: Fara da ƙaramin allo

Da ka shiga Figma, buɗe allo mai faɗin 360, wanda shi ne faɗin wayoyin Android da yawa. In ya zauna daidai a nan, faɗaɗa shi zuwa kwamfuta abu ne mai sauƙi. Matse babban zane ya shiga waya shi ne wahala. Tun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafin da ke daidaita kansa da kowane allo, kuma yau babu mai ɗaukarka aiki in ba ka iya ta ba.

Akwai ma'aunai uku da nake so ka haddace. Rubutun jiki kada ya gaza 16. Duk abin da za a danna ya kai 48 tsawo da faɗi bisa shawarar Google, Apple kuwa 44 take cewa; ka tuna babban yatsan manomin shinkafa da ya fito daga fadama ba tsinken linzamin kwamfuta ba ne, kuma in maɓallin "Biya" ya manne da na "Soke" wata rana wani zai yi asara. Na uku, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kamar yadda ƙa'idar WCAG ta hukumar W3C ta tanada. Akwai shafukan kyauta da ke auna maka wannan. Amma ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ka fita tsakar gida da rana tsaka ka duba wayar. In sai ka kare ta da tafin hannu kake karantawa, koma ka ƙara wa rubutun duhu.

Launi biyu sun isa, uku in ya zama dole. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, domin akwai masu wahalar bambanta ja da kore. In kuɗi ya shiga, rubuta "An biya" kusa da alamar.

Mataki na 4: Harshe da haruffa

A nan ne aka fi yi wa mutanenmu sakaci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, sai kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu muke rubuta 'y. Ƙasa daban, kasa daban. Ɗaka daban, daka daban. Salon rubutu da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a cikin dangi. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙwaƙwalwa, ɗanɗano, ɓarna" da manya da ƙananan haruffa ka gani. Noto Sans tana da su, haka Andika da Charis na cibiyar SIL. A waya, Gboard yana da madannin Hausa. A cikin shafin kuma ka tabbata an sa UTF-8, an kuma bayyana harshen da alamar "ha".

Gwada salon da Faransanci ma, saboda é ɗin da ke cikin Ségbana da Madécali. Sannan ka kula da fom ɗin suna. Na sha ganin fom da ke ƙin karɓar Sa'adu da Asma'u da Mu'azu saboda waƙafin sama, har garin Ka'oje ma ya ƙi shiga. Mutum ya rubuta sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, na'ura ta ce masa ba daidai ba ne. Wannan cin fuska ne ko da ba da niyya aka yi ba.

In shafin zai ɗauki harshe biyu ko uku, rubuta sunan kowane harshe da kansa: Hausa, Français, English. Kada ka sa tuta. Bahaushen Malanbil ba ɗan Najeriya ba ne, kuma tutar Faransa ba ta wakiltar mutumin Kandi. Bar sarari a maɓallai, domin kalmar da ta yi gajarta da Turanci takan yi tsawo da Hausa ko Faransanci. Kada ka dogara da fassarar na'ura ba tare da mai jin harshen ya karanta ba. Rubuta yadda ake magana: "Aika", "Koma baya", "Kira mu". In akwai masu karanta ajami a cikin masu amfani, ka sani rubutun daga dama yake farawa, don haka jerin shafin gaba ɗaya ne zai juya.

Mataki na 5: Kuɗi biyu, lambobi biyu

Wannan darasi da asara na koye shi. Na taɓa yi wa wani mai sayar da hatsi fom ɗin oda, na sa sharaɗin lambar waya sai ta cika 11 kamar yadda muka saba. Bayan makonni ya kira ni yana cewa abokan cinikinsa na tsallake sun ce abin ba ya aiki. Lambobin Jamhuriyar Benin a lokacin guda 8 ne, fom ɗina yana korarsu ɗaya bayan ɗaya, su kuwa su ne manyan masu sayensa. Na gyara cikin minti goma, amma cinikin da ya wuce ya wuce.

Daga 30 ga Nuwamba 2024 Benin ta koma lamba 10, an ƙara 01 a gaban tsofaffin. Ga kuma wani tarko: a Najeriya in ka sa +234 kana jefar da sifilin farko, a Benin kuwa bayan +229 sifilin 01 yana nan. Saboda haka ka ba mutum zaɓin ƙasa a fom, kuma duk maɓallin kira da ka ɗora ka danna shi da kanka ka ji wayar ta yi ƙara a ɗaya gefen.

Farashi ma haka. Mu muna rubuta ₦25,000 da waƙafi. Mai karatun Faransanci yana rubuta 25 000 F da sarari, waƙafi a wurinsa alamar ɓangare ce, 1,5 na nufin ɗaya da rabi. Kada ka taɓa barin lamba tsirara ba alamar kuɗi. Ka kuma sani a bakin 'yan kasuwar da ke ƙidaya da dala, sefa 5 ita ce dala ɗaya, sefa 1,000 jaka ɗaya. In ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Rubuta cikakkiyar lambar sefa domin kada a yi jayayya. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tana hawa da sauka, don haka kada ka manna canji a cikin zane. Yi wa mai shafin wurin da zai canza shi da kansa, kuma ranar da aka sa farashin ta fito a fili.

Hanyar biya ta bambanta. A gefenmu tura kuɗi ta banki da OPay da Moniepoint da masu POS. A can MTN MoMo da Moov Money. Tambayi mai shafin wacce yake karɓa da gaske kafin ka zana tambarin kowa.

Mataki na 6: Rage nauyi

Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 ko 4. Goma irinsa a shafi ɗaya sun cinye wa mutum datar da ya saya domin kwana biyu. Matse kowane hoto da Squoosh, wanda kyauta ne, ka mayar da shi WebP, ka yi ƙoƙarin kada ya wuce kilobait 100. Cire bidiyon da ke kunna kansa. Salon rubutu ɗaya ya isa. Google na ɗaukar daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana, kuma PageSpeed Insights zai auna maka.

Zana kuma abin da zai faru in sabis ya yanke, domin tsakanin Lolo da Illo zai yanke, wani lokaci ma waya ta kama layin tsallake. Mutum ya cika fom, sabis ya tafi, kada abin da ya rubuta ya goge. Ya danna "Biya" bai ga komai ba, zai sake dannawa. Nuna masa cewa ana kan aiki, ka kulle maɓallin har amsa ta zo.

Mataki na 7: Miƙa wa mutum biyar, ka yi shiru

Jakob Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin zane. Samo biyar daga cikin ainihin masu amfani, banda abokanka masu kwamfuta. Ba shi wayar ka ce, "Baba, don Allah nemo min kuɗin buhun gero." Daga nan rufe bakinka. Hannunka zai yi ƙaiƙayin nuna masa wurin, daure. Inda ya tsaya yana dube-dube, rubuta.

Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau. Mutanenmu suna da kara, zai ce "Madalla, ya yi" ko da bai gane komai ba. Abin da yatsansa ya yi shi ne amsarka. In uku cikin biyar sun ɓata a wuri ɗaya, laifin zanen ne. Gyara, ka nemi wasu biyar.

Mataki na 8: Koyi HTML da CSS

Ba dole ne ka zama mai rubuta manhaja ba, amma a garuruwanmu sau da yawa kai ne mai zane kai ne mai gini. Wata biyu ko uku na naci a kan HTML da CSS sun isa ka gina shafi mai sauƙi ka ɗora shi kyauta a GitHub Pages ko Netlify. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su taimaka maka da saurin aiki, yi amfani da su. Amma ba su san tiya ba, ba su san jaka ba, kuma duk abin da suka ba ka sai ya bi ta mataki na 7.

Mataki na 9: Kundin aiki da ciniki

Mai ɗaukar aiki, a Abuja yake ko Legas ko Kwatano, aikinka yake son gani kafin takardar shaida. Ayyuka uku na gaske sun fi ashirin na kwaikwayo. Yi wa Islamiyyar unguwarku, ko ƙungiyar manoman shinkafa, ko wani kemis. A kowane aiki nuna matsalar, hoton zanen takarda, abin da gwaji ya fallasa, da yadda ka gyara. Ɗora a Behance ko shafinka. Labarin fom ɗin da ke karɓar lambar ƙasa biyu da kuɗi biyu abu ne da mai zane a babban birni ba kasafai yake da shi ba. Ka kuma dage da Faransanci: ƙasashe takwas ke kashe sefar Afirka ta Yamma, kuma ƙofarsu tana bayan gidanka.

Wajen ciniki, rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne: shafi nawa, gyara sau nawa, yaushe za a gama, nawa ne. Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. In ba ka ƙayyade gyara ba, aikin mako biyu zai kai ka wata huɗu. Adireshin shafi, ko .com.ng ne da ke ƙarƙashin hukumar NiRA ko .bj na Benin, yi rajistarsa da sunan mai shi, ka faɗa masa tun farko cewa duk shekara ake sabuntawa, ka miƙa masa lambobin sirrinsa ranar da ka gama. Riƙe su domin ya ci gaba da nemanka cin amana ne, kuma a ƙaramin gari labari ba ya kwana.

Kada ka nemi bayanin da aikin bai buƙata ba. Mai sayen masara ba ruwansa da ba ka NIN ko BVN, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara bayanan mutane. Sannan wata rana wani zai zo maka da kuɗi mai tsoka ya ce ka zana masa shafi mai kama da na banki, ko hoton shaidar tura kuɗi ta ƙarya, ko fom ɗin tallafin da babu shi. Hannun da ya iya zana na gaske ya iya zana na jabu, shi ya sa suke nemanmu. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta wannan, kuma wanda za a cuta ɗin wata tsohuwa ce mai sayar da kifi a bakin Kwara, ko mai POS da jarinsa bai fi na kwana ɗaya ba. Ka ce a'a tun a bakin ƙofa.

Ƙanena, ƙanwata, ranar kasuwa mai zuwa ɗauki littafi da fensir ka je rumfar wani da ka sani, ka nemi izininsa ka zauna awa biyu. Zana allo uku a takarda kafin ka kwanta, ka kai masa da safe ya gwada da yatsansa.